Daga Gandoki Zuwa Satiru: Yadda Yaƙin Turawa Ya Shiga Ƙagaggen Labari

A 1795 Rasha da Furusiya da Ostiriya suka ƙarasa rabon ƙasar Foland a tsakaninsu, sunanta ya ɓace daga taswira har 1918. Cikin waɗannan shekaru 123, ƙagaggen labari na daga abubuwan da suka riƙe zukatan mutanenta. Tsakanin 1883 da 1888 Henryk Sienkiewicz ya rubuta littattafai uku a kan yaƙe-yaƙen da kakanninsu suka tsallake a ƙarni na 17. Ana buga su kashi-kashi a jarida, jama'a na karantawa suna tuna cewa an taɓa danne su, suka kuma miƙe.

Hausa ma tana da irin wannan adabi, sai dai a ofishin wanda ya ci ƙasar aka raɗa masa suna, kuma wannan ya bar masa tabo.

Kafin zuwan Turawa, rubuta tarihi aikin malamai ne, kuma yankin Bodinga na cikin wuraren da aka fi yin sa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa har 1815, ƙanensa Abdullahi yana Bodinga. A wannan tsakanin ne Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahi ya tattara Tazyinul Waraƙati a 1813. Daga baya Nana Asma'u ta zuba tarihin hijira da jihadi cikin waƙa. Duk waɗannan shaida ce ta waɗanda aka yi abin da su, kuma suka yi nasara. Ƙirƙirar labari kuwa ta tatsuniyar dare ce, malami ba ya ɓata tawadarsa a kai.

Ranar 15 ga Maris 1903 aka gwabza a Giginya, Sakkwato ta faɗa hannun Turawan Ingila. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas, dubban mutane suka bi shi, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya, har ɗansa Mai Wurno ya kafa gari a bakin kogin Nilu a Sudan, garin da har yau yake ɗauke da sunansa.

Bayan shekara 30, a 1933, Rupert East na hukumar talifi da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai don yaran makarantar boko su sami abin karantawa. Biyu daga littattafan da aka buga a 1934 tarihi suka jingina da shi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi yaron da aka sace, aka haura da shi Sahara, mahaifiyarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta. Gandoki na Malam Bello Kagara kuwa yaƙin Turawa ya tunkara kai tsaye. Jarumin ya yi yaƙi a rundunar Nagwamatse na Kwantagora, ya bi Sarkin Musulmi zuwa gabas. Da aka zo wurin faɗuwa, sai marubucin ya ɗauke shi ya kai shi duniyar aljanu, inda takobinsa ke ci yadda yake so. Da ya dawo gida, ya tarar da mulkin Turawa ya zauna, ya kuma yaba da abin da ya gani. Iyakar abin da za a iya bugawa ke nan a lokacin: an yarda a yabi jarumta, muddin labarin ya ƙare da sallamawa.

A Nijar sai bayan 'yancin kai aka tsallake wannan iyaka. A 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da Sarraounia da Faransanci, labarin sarauniyar Lugu da ta tare rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986.

Akwai kuma labarin da ya faru a Satiru, wanda ya fi waɗannan wuyar zubawa a ƙagaggen littafi. Satiru ƙauye ne kudu da Sakkwato, mazaunansa talakawa da bayin da suka gudo, masu jiran bayyanar Mahadi, waɗanda suka ƙi biyan haraji. Ranar 14 ga Fabrairu 1906, ƙarƙashin Malam Isa da wani malami makaho da ake kira Ɗan Makaho, wanda ya fito daga ƙasar da Faransa ke mulki, suka far wa sojan doki da gatura da fartanya da kibau. Suka kashe Turawa uku, har da muƙaddashin Razdan Hillary, da sojoji baƙar fata 25. Ranar 10 ga Maris aka dawo da bindiga mai jigida. Masana tarihi na ƙiyasta waɗanda aka kashe da kusan 2,000. Aka rushe garin, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin.

Wuyar Satiru ita ce ba a iya raba ta gida biyu, mu da su. Sojan da ya yi harbi ɗan ƙasa ne, sarakunan da suka tsaya tare da Turawa jikokin masu jihadi ne da ke ganin fitina ce za ta cinye abin da ya rage musu, waɗanda aka kashe kuma su ne waɗanda ba su da maroƙa balle marubuta. Marubucin da ya ɗauki wannan labari ba shi da duniyar aljanu da zai tsere zuwa cikinta kamar Gandoki. Dole ya zauna cikin ƙauyen, ya ba manomi da baiwa da dogari da soja kowa bakinsa, ya bar mai karatu ya auna da kansa abin da tsira ta ci wa kowane ɗaya daga cikinsu.