Kwamfutar tafi-da-gidanka

suna, mace; jam'i: kwamfutocin tafi-da-gidanka. Ƙaramar kwamfuta mai naɗewa, wadda allo da madannai da batir suke haɗe a jiki ɗaya. Yawancin na yanzu masu faffaɗan allo ne, faɗi 16 tsawo 9, saɓanin tsofaffin masu 4 da 3. Girman da aka fi gani inci 14 zuwa 15.6 ne.

A ƙaramar hukumar karkara irin Rumbu ta Dakoro, a jihar Maraɗi, amfanin faɗin nan na aiki ne kafin na kallo. Malamin makaranta mai jera makin ɗalibai, ko magatakarda mai rajistar haihuwa, zai buɗe takarda biyu gefe da gefe ya kwafa ba tare da ruɗewa ba. Za a ce ai wayar hannu ta wadatar. Ta wadatar wajen saƙo da labarai, amma jadawali mai layi ɗari a waya wahala ce tsagwaronta. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne wuta: babban allo yana shan batir, caji kuwa galibi sai da sola. Rage hasken allo yana tsawaita batir sosai. Ƙurar hunturu ma tana toshe fanka, don haka jaka mai rufewa wajibi ce.