Ƙaramar Kalmar da Ta Gaji Latin: Tarihin *si* a Nahawun Italiyanci

A jikin gidaje da shagunan Roma da Milan da Napoli ana yawan ganin allo mai ɗauke da kalma ɗaya tak: *vendesi*, ko *affittasi*, ko *cercasi*. Ma'anarsu ita ce ana sayarwa, ana ba da haya, ana nema. Babu Ba'italiyen da zai furta haka a hira. *Si vende* zai ce, ƙaramar kalmar *si* tana gaba, aikatau yana biye da ita. Allon ya riƙe wani tsari ne da ya yi tashe a yankin Tuskani shekaru ɗari bakwai da suka wuce, wanda baki ya saki tun da daɗewa. Kusan duk abin da ke wahalar da ɗalibin Italiyanci game da aikatau mai komawa kan mai aikin haka yake: ragowar wani zamani ce da ta maƙale a nahawun yau.

Idan Bahaushe zai nuna aiki ya koma kan mai yinsa, kalmar "kai" yake ɗaukowa: na wanke kaina, ta cuci kanta. Italiyanci kuwa ƙananan wakilan suna yake liƙa wa aikatau. A *alzarsi*, wato tashi, ana cewa *mi alzo, ti alzi, si alza, ci alziamo, vi alzate, si alzano*. Waɗannan wakilan ba sa sauya kama komai sauyawar lokaci ko sigar magana: *mi alzavo* a abin da aka saba yi a da, *mi alzai* a abin da ya wuce da nisa, *mi alzerò* a mai zuwa, *mi alzerei* a sharaɗi, *che io mi alzi* a fata ko shakka. Abu biyu ne kawai ke motsi, wato wurin da wakilin yake zama da kuma mataimakin aikatau da ake ɗauka a lokutan da ake ginawa da kalma biyu. Sai kuma abu na uku mai ɗaure kai: da yawa daga cikin waɗannan aikatau ba su da wata alaƙa da yi wa kai wani abu. *Pentirsi* nadama ce, *ricordarsi* tunawa, *arrabbiarsi* fushi. Wanda ya fusata ai bai fusata kansa ba.

Amsar tana cikin Latin. A zamanin Cicero, wanda aka kashe a shekara ta 43 kafin Miladiyya, aikin *se* ƙanƙani ne: yana nufin "kansa" ko "kansu", shi ke nan. Sauran nauyin yana kan wani jerin ɗafa-ƙeya masu ƙarewa da *r*. *Lavo* na nufin ina wankewa, *lavor* kuwa ana wanke ni, ko ina wanka. Akwai ma rukunin aikatau da ba su da wata siga sai wannan, irin su *recordor*, ina tunawa, da *lamentor*, ina kokawa. A cikin ƙarnonin ƙarshe na daular Rum waɗannan ɗafa-ƙeya suka zube daga bakin talakawa, kuma babu ko ɗaya daga cikin harsunan da Latin ya haifa da ya gaje su. Sai aka bar giɓi, *se* ya shiga ya cike shi. *Recordari* ya zama *ricordarsi*, *lamentari* ya zama *lamentarsi*.

Ba a rubutun manyan marubuta ake ganin sawun wannan sauyi ba, domin su nahawun makaranta suke bi. Ana ganinsa a wajen waɗanda suke rubutu kusa da yadda suke magana. Wata mata mai suna Egeria, wadda ta ziyarci Ƙudus da Dutsen Sina'i tsakanin 381 da 384, tana liƙa *se* a aikatau na tafiya inda tsohon nahawu bai buƙace shi ba, kuma wannan ɗabi'a ce ta haifi *andarsene* na yau, wato tafiya abin mutum. Wani littafin maganin dawaki na wajen ƙarni na 4, *Mulomedicina Chironis*, yana amfani da *se* ga rauni da ciwo, kamar su ne suke warkar da kansu. Mai jin Hausa ba zai ga wannan baƙon abu ba, domin aikin da *u* yake yi ke nan a "nama ya dafu" da "mota ta gyaru", inda ba a damu da wanda ya yi aikin ba. *La porta si apre* ba ta nufin ƙofa ta miƙa hannu ta buɗe kanta.

Ko wakilan kansu ba duka ba ne 'yan asali. *Mi, ti, si* daga *me, te, se* suka fito kai tsaye. Amma "mu" a Latin *nos* ne, kuma tsofaffin rubuce-rubucen Tuskani suna da *no* da *ne* a wannan gurbi. *Ci* da ya ture su kalmar wuri ce mai nufin "nan", ita ce dai ake ji a *c'è*, wato akwai. Ke nan wanda ya ce *ci laviamo*, muna wanka, a tushen maganar "nan muke wankewa" ya ce.

Batun mataimakin aikatau ya fi kowanne zurfi. Dokar yau a taƙaice take: duk aikatau mai ɗauke da irin wannan wakili *essere* yake ɗauka, wato kasancewa, ba *avere* mai nufin mallaka ba. Ana cewa *ho lavato* idan abu aka wanke, amma *mi sono lavato* idan wanka aka yi, mace kuma ta ce *mi sono lavata*, jama'a su ce *ci siamo lavati*. Wannan ma gado ne. Aikatau masu ƙarewa da *r* a Latin da kalma biyu suke gina shuɗaɗɗen lokacinsu, ɗaya sifa ce mai bin jinsi da adadi, ɗaya kuma aikatau na kasancewa: namiji ya ce *recordatus sum*, mace ta ce *recordata sum*. Idan aka jera wannan da *mi sono ricordato* da *mi sono ricordata*, za a ga cewa shekaru dubu biyu ba su sauya ginin sosai ba.

Sai dai dokar ba ta faɗo daga sama a kammale ba. A Fulorens ta ƙarni na 13 da na 14 ana bambancewa: idan mutum kansa ne aikin ya faɗa wa, *essere*, idan kuwa akwai wani karɓau daban, kamar wanke wa kai hannu ko sanya wa kai riga, *avere* yana fitowa. A hankali *essere* ya mamaye duka, har yau ake cewa *Maria si è lavata le mani*, sifar tana bin Maria duk da cewa hannaye aka wanke. A wasu wurare tafiyar ta bi ta kishiyar hanya. Karin harshen Beneto yana cewa *me go lavà* da aikatau na mallaka, Sisili ma haka, Sifaniyanci kuma ya bar wa *haber* filin baki ɗaya. Faransanci ne ya tsaya a gefen Tuskani. Saboda haka abin da littafin koyarwa yake gabatarwa kamar hukuncin hankali, zaɓin gari ɗaya ne da ya yi sa'ar samun Dante da Petrarca da Boccaccio. Raunin dokar yana bayyana da zarar an taɓa wakilin. A ce *se stessa* mai nauyi a maimakon *si*, nan take *avere* ya dawo: *Maria ha lavato se stessa*. Haka kuma "na tashi dole" yana da fuska biyu, *mi sono dovuto alzare* da *ho dovuto alzarmi*, ma'ana ɗaya, gurbin wakili kaɗai ya sauya mataimakin.

Wannan ya kawo maganar gurbi. A 1875 Adolf Tobler ya lura da wata ƙa'ida a tsohon Faransanci, a 1886 kuma Adolfo Mussafia, malami a jami'ar Biyana, ya nuna tana aiki a tsohon Italiyanci: wakilin suna mara nauyi ba ya buɗe jimla. Idan aikatau ne a farko, dole wakilin ya koma bayansa ya manne, haka ma yawanci bayan *e* da *ma*. Ƙa'idar ta fara sassautawa wajen ƙarni na 15, amma ta bar iri a umarni, wanda bisa ɗabi'arsa shi ke buɗe magana: *alzati*, tashi, *alzatevi*, ku tashi, *alziamoci*, mu tashi. Umarnin girmamawa kuwa *si alzi* ne, wakilin yana gaba, domin asalinsa ba umarni ba ne, sigar fata ce da ake yi wa *Lei*, lamirin ladabi da ya bazu daga fadoji a ƙarni na 16. A 1938 gwamnatin Mussolini ta yaƙi *Lei* bisa zargin baƙo ne, ta umarci a koma *voi*, sai *si accomodi* na ofisoshi ya zama *accomodatevi*. Dokar ba ta rayu bayan masu ita ba. A hani kuma harshen bai yanke hukunci ba har yau, *non ti alzare* da *non alzarti* duka daidai ne.

Abin da ya tsawaita ran tsohon tsarin a rubuce shi ne shawarar Pietro Bembo, mutumin Benis, wanda a littafinsa *Prose della volgar lingua* na 1525 ya ce a ɗauki Petrarca abin koyi a waƙa, Boccaccio a zube. Ƙamus na Accademia della Crusca na 1612 ya ƙara ɗaure wannan. Marubuta suka ci gaba da manna wakili a ƙeyar aikatau har a tsakiyar jimla, inda ko mutanen ƙarni na 14 ba su wajabta ba, ya zama ado kawai. Alessandro Manzoni ya tafi Fulorens a 1827 don ya saurari yadda masu ilimin garin suke magana, ya sake gyara *I promessi sposi* bisa wannan ma'auni, aka buga tsakanin 1840 da 1842. Daga nan zube ya fara karkata ga baki. Lokacin da Italiya ta haɗe a 1861, masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai suke iya Italiyanci, Arrigo Castellani kuma ya kai adadin kusa da kashi 10. Ko wanne aka ɗauka, mafi yawan 'yan ƙasar a aji suka koyi *mi sono alzato*, kamar yadda baƙo yake koya a yau. Tsohuwar siga ta samu mafaka a harshen ofis da waya da ƙananan tallace-tallacen jarida, inda ake biya bisa yawan kalmomi, *vendesi* kuma kalma ɗaya ce.

Aiki na ƙarshe da *si* ya ɗauka shi ne na "an" da "ana" na Hausa: *si dice*, ana cewa, *si mangia*, ana ci. Mutanen Tuskani ma sukan ce *noi si va* a maimakon *andiamo*. Matsala tana tasowa idan wannan *si* ya haɗu da ɗan'uwansa mai komawa kan mai aiki, kamar a "ana tashi da wuri". Bisa lissafi *si si alza* ya kamata a ce, kuma wasu kare-karen harshen Beneto suna jera *se se* ba tare da damuwa ba. Daidaitaccen harshe ya ƙi wannan maimaici, ya sake aro tsohuwar kalmar wurin nan: *ci si alza presto*. A shuɗaɗɗen lokaci kuma mataimakin yana zama tilo, sifar tana zama jam'i, *ci si è alzati*.