Bindiga Mai Sakata da Yaƙin Tirmini

A zamanin Sarki Tanimun, maƙeran Damagaram sun ƙera igwa, ana kuma haɗa albarushi a cikin birni. Sai dai bindigar dakarun Sarki ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a sa harsashi, a danna da sanda, duk mutum yana tsaye a gaban abokan gaba.

Faransawa kuwa sun zo da bindiga mai sakata, irin Gras ta 1874 da Lebel ta 1886. Soja zai ɗaga hannun sakatar ya ja baya, kwanso ya fita, sannan ya tura gaba ya kulle da sabon harsashi a ciki, ko da yana kwance. Gras ɗai-ɗai ake sa mata. Lebel tana ɗaukar 8. Da yake Lebel ba ta da makullin kunama, akan hori soja kada ya tura harsashi gaba sai an zo harbi.

Da wannan tazara aka gwabza a Tirmini, ƙarshen Yuli 1899. Mahayan Sarki Amadu Kuran Daga, Allah ya jiƙansa, sun yi sukuwa cikin ruwan harsashi, dawaki na zubewa tun ba su iso ba. Daga nan Faransawa suka shiga Zinder.