Daga Tuwat Zuwa Sifawa: Alhakin Rushe Majami'ar Yahudawa Yana Wuyan Wa?

Matafiyin da ya bar Sakkwato ya nufi Shagari sai ya ratsa ta Sifawa da Bodinga. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa har 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana Bodinga. A wannan zaman ne Shehu ya rubuta Sirajul Ikhwan, a 1811, wanda ya cika da amsoshin da Shehu Magili ya bai wa Askiya Muhammadu na Songhai. Mu mun san Magili da nasihar da ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Abin da ya baro a baya kafin ya iso ƙasar Hausa ne ba kasafai ake faɗa ba.

A Tamantit, cikin dausayin Tuwat na kudancin Aljeriya ta yau, Yahudawa sun daɗe zaune, suna ƙira da fataucin zinariya, suna da majami'arsu. Magili, ɗan Tilimsan, ya ce sun warware alkawarin amana: suna hawa dawaki, suna cuɗanya da masu mulki, don haka a rushe majami'ar. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce atafau, ba a taɓa ɗakin ibadar da aka tarar mutanen amana suna da shi.

Sai aka aika wasiƙu Fas da Tilimsan da Tunis. Ibnu Zakari, muftin Tilimsan, ya bi bayan alƙali. Wani malamin, al-Tanasi, ya ba Magili gaskiya, wani kuma, al-Sanusi, ya yaba masa. Al-Wansharisi ya tattara fatawoyin a littafinsa al-Mi'yar, shi ya sa muhawarar ta iso gare mu da hujjojin kowa. Da amsar al-Tanasi ta iso, wajen 1492, mabiyan Magili suka far wa majami'ar. An kashe wasu Yahudawa, sauran suka watse.

To, alhakin yana wuyan wa? Wasu masana tarihi suna nuna kishin kasuwa da raunin hukuma a Tuwat, wasu suna haɗa abin da zafin faɗuwar Andalus a waccan shekarar. Duk suna da makama. Amma a ganina da wuya a wanke Magili, malamin da ya sa ladan miskali 7 na zinariya a kan kowane Bayahude da aka kashe.

Daga baya, Magili yana Gao wurin Askiya, labari ya zo masa cewa an kashe ɗansa Abduljabbar a Tuwat. Ya nemi Askiya ya kame duk mutanen Tuwat da ke garin, aka kuwa kame su. Malam Mahmudu ɗan Umar Aƙit na Tambutu ne ya tsaya ya ce waɗannan ba su kashe kowa ba. Askiya ya sake su, Magili ya kama hanyar Tuwat, can ya rasu wajen 1504.