Daga Adaka Zuwa AK-47

'Yan uwana mata, na san wata za ta ce, "Yo ina ruwan mace da zancen bindiga?" To ai kuwa da ruwanta. Namiji ke harbi, amma mace ke takaba, ita ke riƙon marayu. Don haka ku ba ni aron kunnuwanku, in ɗan ba ku tarihin yadda wannan aba ta shigo mana ƙasar Bagudo.

Ta farko da kakanninmu suka sani ita ce adaka, wadda wasu ke kira bindigar toka. Daga bakin teku ta ɓullo ta hannun Turawa 'yan kasuwa, daga baya maƙeranmu suka koyi ƙera ta. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna da tsumma, a zuba guntayen ƙarfe, a harba sau ɗaya tak. Kafin a sake ɗurawa, gada ta daɗe da shigewa daji. Mu nan Kurgu da kewaye, ta maharba ce da masu gadin gona, kuma kowa ya san gidan da take.

Ta biyu ta zo ne tare da Turawan mulki. A 1894 Lugga ya yi tseren isa Nikki da Faransawa, kowa na kwaɗayin ƙasar Borgu. Yarjejeniyar 1898 ta raba gardama, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Busa suka zama na Ingila. Asalin iyakarmu da Jamhuriyar Benin ke nan. Daga nan Turawan Ingila suka fuskanci Sakkwato. Ranar 15 ga Maris 1903, a filin Giginya, mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru suka yi karo da igwa da mashinga. Ba jarumta suka rasa ba, mashi ne ba ya kaiwa inda harsashi ke kaiwa.

Ba a daɗe ba 'ya'yanmu suka shiga riƙe irin waɗannan makamai. A 1924 aka buɗe barikin horar da kurata a Zariya. A filin koyon harbi, sai a kwantar da kurtu rub da ciki, a kafa allo can nesa, a ƙirga masa harsashi a hannu. In ya gama, a duba inda ya samu, a ƙirga kwanso. Bindigar zamanin ita ce Lee-Enfield mai cin harsashi 10, wadda sai an ja ƙarfenta kafin kowane harbi. Da ita mazan jiya suka yi yaƙin Bama daga 1943 zuwa 1945. Da suka dawo gida, lambobi da labarai suka kawo, bindiga kuwa ta koma ɗakin ajiyar makamai. Ku lura da kyau, wannan ma tana da lamba, tana da mai ita, tana da wurin kwana.

To sai ta uku, AK-47, wadda Mikhail Kalashnikov ya ƙera a Tarayyar Sobiyat a 1947. Harsashi 30 take ci, ta amayar da su kafin mutum ya gama salati. Ba ta damu da ƙura ko taɓo ba, ga sauƙin koyo. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, makaman Libiya suka bazu a ƙasashen Sahel, har suka gangaro mana. Mun ga sakamako a jiharmu. A watan Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai a Birnin Yawuri, a watan Nuwamban 2024 kuma Lakurawa suka kashe mutum 15 a garin Mera ta ƙaramar hukumar Augie. Wannan ita ce bindigar da ba a san mai ita ba, ba a san inda take kwana ba.

Ni dai a nan nake ganin aikinmu. Garin iyaka ne muke zaune, kaya na ratsawa ta kogi da ta daji, kuma duk abin da ya ratsa sai ya kwana a gidan wani. Wa ke sharar ƙarƙashin gado? Wa ke shiga rumbu? Ke ce. In aka kawo buhu da dare aka ce ajiya ce, ki tambaya cikin ladabi, "Maigida, mene ne a ciki?" Dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindigar yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, ko ta farauta ma sai da lasisi, kuma in aka zo bincike gidan gaba ɗaya ke shiga uku.

Ku kuma 'yammata, saurayin da ya wayi gari da sabon babur da kuɗi ba sana'a, a sa iyaye su bincika kafin a karɓi kayansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.