Bayani: Yadda ake zaɓen kyamara mai sauƙin kuɗi don ɗaukar kiɗa da waƙa a Jigawa

A Miga, kamar a sauran ƙananan hukumomi shida na masarautar Dutse, da wuya a yi taron da ba a ji sautin ganga ko muryar mawaƙi ba. Akwai kalangu a wajen biki, akwai mandiri a majalisin Mauludi, akwai algaita da kakaki a hawan Sallah, sannan ga mawaƙan siyasa da kasuwarsu ke buɗewa duk lokacin da zaɓe ya ƙarato. Mafi yawan waɗannan taruka da waya ake ɗaukar su, bidiyon ya zagaya Facebook da TikTok na 'yan kwanaki, daga nan ya ɓace.

Asarar da ke cikin haka ba ƙarama ba ce. Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos kuma a 2015, amma bidiyon wasanninsu da ke hannun jama'a yau kaɗan ne idan aka kwatanta da shekarun da suka yi suna waƙa, kuma da yawa a dusashe yake. Waɗannan fitattu ke nan. Makaɗin ƙauye da ba a taɓa gayyata gidan talabijin ba, in ya mutu yakan tafi ne da duk abin da ya sani. A fagen siyasa ma haka: a dandalin da mawaƙi ya wasa ɗan takara, a nan ɗan takarar ke ɗaukar alkawarin hanya ko rijiyar burtsatse, kuma bidiyo mai kyakkyawan sauti ne zai tuna masa bayan ya hau kujera.

Sauti kafin hoto

Mai kallo yakan jure hoto mai ɗan duhu, amma ba ya jure sautin da ke tsagewa. Ƙaramin makirufon da ke jikin waya ko kyamara an yi shi ne don magana, don haka idan aka kusanta shi da manyan lasifikoki ko taron makaɗa sai ƙarar ta fi ƙarfinsa, kalmomin waƙar su cakuɗe. Gyaran kwamfuta ba ya dawo da sautin da ya riga ya tsage.

Saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: shin kyamarar tana da ramin saka makirufo na waje, kuma tana barin a rage ƙarfin sauti da hannu? Sony a6000 da ƙaramar Sony HDR-CX405 sun yi suna wajen araha, amma dukansu ba su da wannan rami. Canon 600D, Panasonic G7 da Sony ZV-E10 suna da shi.

Hanya mafi inganci ita ce naɗar sauti daban. Ƙaramar rakoda irin Zoom H1n tana aiki da batirin da ake samu a kowane kanti. Ana iya kafa ta gaban makaɗa, ko a ja waya daga na'urar haɗa sauti ta mai lasifika, daga baya a daidaita sautin da hoton. Tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban kyamara kafin a fara wasa ya isa ya zama alamar da za a daidaita su a kanta.

Rukunonin kyamara

Kyamarar hannu ta bidiyo zalla ita ce irin wadda masu ɗaukar biki suka saba da ita. Tana janyo hoto daga nesa, tana ɗaukar sa'o'i ba tare da ta tsaya ba, kuma madubinta a rufe yake, ƙura ba ta shiga cikin sauƙi. Panasonic HC-V770 da Sony FDR-AX43 suna janyo hoto ninki 20, kuma duka biyu suna karɓar makirufo. Ga mai ɗaukar hawan Sallah a Dutse, inda dawakai da dogarai ba za su bari ya kusanci makaɗan sarki ba, wannan rukuni ya fi dacewa. Rauninsa shi ne dare, domin farantin da ke karɓar haske a cikinsa ƙarami ne, hoton sai ya yi tsaki-tsaki.

Kyamarar hoto mai canjin madubi kuwa farantinta babba ne, don haka ta fi jure duhu. Canon 600D, wadda ta fito a 2011, har yanzu tana yawo a kasuwar kayan hannu. Sai dai tana yanke ɗauka bayan kimanin minti 12 a mafi girman ingancinta, yawancin sa'o'inta kuma suna tsayawa kafin minti 30. Wannan matsala ce ga waƙar fada ko ta majalisi, wadda mawaƙi ke iya jan ta yadda ya ga dama. Sony a6400 ta 2019 da ZV-E10 ta 2021 ba su da wannan iyaka. Wanda ya zaɓi wannan rukuni ya nemi madubi mai lamba 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha, kuma yana shigar da haske kusan ninki goma na madubin da ake haɗo kyamara da shi idan an janyo hoto har ƙarshe.

Akwai kuma Zoom Q2n-4K, 'yar ƙaramar kyamara da aka ƙera musamman don mawaƙa. Makirufonta yana jure ƙara mai ƙarfi, tana aiki da batirin kanti, amma ba ta janyo hoto daga nesa, sai an kafa ta kusa da makaɗa.

Waya ma ba abin rainawa ba ce. Ga wanda kuɗinsa ba su kai ba, waya mai kyau da aka ɗora a kan ƙafa uku, tare da rakoda a gefe, ta fi kyamara mai tsada da ke rawa a hannu.

Zafi, ƙura da wuta

Waɗanda suka ƙera kyamarorin nan ba da bazarar Jigawa suka gwada su ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma ƙananan kyamarori masu canjin madubi sukan kashe kansu idan suka yi zafi, musamman a ɗaukar 4K. Laima, da buɗe allon kyamara daga jikinta, da komawa ɗaukar 1080p suna rage wannan. A lokacin hunturu kada a canza madubi a fili, domin ƙurar da ta sauka a kan farantin ciki za ta fito kamar ɗigon baƙi a kowane hoto.

Wutar lantarki a Najeriya, ta KEDCO ce ko ta janareto, tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Idan aka saita kyamara a kan hoto 30 ko 60 a daƙiƙa, irin tsarin Amurka, fitilun wajen taro za su riƙa ƙyaftawa a bidiyon. A saita ta a kan 25 ko 50. Wasu kyamarorin hannu da aka shigo da su daga Amurka ba su da wannan zaɓi ko kaɗan, don haka a duba kafin a biya.

Batun batir kuma, wanda zai yi aikin dare a ƙauyen da babu wuta ya tanadi aƙalla uku, ko ya zaɓi kyamarar da ke karɓar wuta ta USB tana cikin ɗauka. Katin ajiya shi ma yana da lissafi: awa ɗaya ta 4K a kan megabit 100 tana cin kusan gigabait 45, yayin da awa ɗaya ta 1080p a kan megabit 24 ke cin kusan 11. Tunda yawancin masu kallo a waya za su kalla, 1080p ta wadatar. Katin da zai ɗauki 4K ya kasance mai alamar V30 ko U3, a kuma yi hattara da jabu.

Wajen saye

Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin waɗannan kaya yana bin dala ne, shi ya sa yawancin masu farawa ke komawa kayan hannu. Mutumin Miga ko Jahun yakan nufi Kano, inda ake samun kayan lantarki a titin Beirut da kasuwar Farm Centre, wasu kuma su yi oda daga Computer Village ko Alaba a Legas. Kada a sayi kyamarar da ba a gwada ba. A kunna ta ta yi ɗaukar minti ashirin a jere, a haska cikin madubi a duba hazo ko tsagewa, a ɗauki farin bango don gano ɗigo, a saka makirufo a saurara, sannan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar kyamarar. Kada kuma a zuba duk jarin a kan kyamara kaɗai: rakoda, ƙafa uku, batura da kati su ne ke mayar da ita kayan aiki.

Haƙƙin mawaƙi

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta bai wa mai wasa ikon amincewa ko hana naɗar wasansa da yaɗa shi. Biyan kuɗin kyamara ba ya mayar da waƙar ta zama ta mai ɗauka. A nemi izinin mawaƙi tun kafin wasa, a yi magana a fili kan inda za a saka bidiyon da yadda za a raba abin da ya kawo. A taron mata, irin kiɗan ƙwarya na cikin gida, izinin masu gida da na mahalarta wajibi ne.

Bayan an gama, a rubuta sunan mawaƙi da 'yan amshinsa, da garin, da ranar wasan a jikin kowane bidiyo, a kuma ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban. Bidiyon da babu suna ko kwanan wata a jikinsa ba zai yi wa mai bincike ko ɗan jarida amfani ba bayan shekara goma, komai kyan kyamarar da aka ɗauke shi da ita.