Isnadin Labari Tsakanin Gure da Yamai

Garin Gure, wanda yake zaune a ƙasar Muniyo tsakanin duwatsu da tuddan rairayi, gabas da Damagaram a kan hanyar Diffa, yana nesa da Yamai da abin da ya haura kilomita 1000. Kuma duk mai nufin yin bahasi a kan amanar da ke tsakanin hukuma da talakawanta ya kamata ya fara da wannan nisa, domin maganar da ta tashi daga fadar shugaban ƙasa ba ta shiga kunnen manomin gero a nan sai ta bi ta hannun gwamna da prefe da sarki da mai gari, ta kuma sauya harshe a hanya, daga Faransanci zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Barbarci ko Fillanci ko Tubanci. Malaman hadisi sun riga mu gane cewa ingancin labari yana rataye ne a kan isnadinsa, wato jerin maruwaitan da suka miƙa shi hannu da hannu, har ya zama mai rauni guda a cikinsu ya isa ya raunana riwayar duka. To labarin mulki ma isnadi gare shi, sai dai nasa biyu ne, mai sauka daga hukuma da mai hawa daga talakawa. Hujjar da nake son kafawa ita ce, hukumomin Nijar tun daga 1960 sun fi ba da himma wajen gyaran na farko, alhali a kan na biyu amana take rayuwa ko ta mutu.

Na farkon ba ya bukatar dogon sharhi. Mai shela da gangarsa a bakin kasuwa ya girmi Turawa, rediyo ta zo ta ƙara masa nisan murya, Shugaba Seyni Kountché kuma ya raya ƙungiyar Samariya ya mai da ita bakin hukuma a kowace unguwa. Wanda ya taɓa zama a dandali bayan sallar isha'i, dattawa sun kewaye akwatin rediyo guda, wani yaro yana juya eriya don muryar ta fito, ya san sanarwar gwamnati tana isowa, ya kuma san shirun da yakan biyo bayanta, kafin wani tsoho ya gyara zama ya ce, “To, mun ji nasu.” Adalci ne a ambaci ƙungiyoyin masu sauraron rediyo da aka kafa a 1962, domin masu jagorantarsu sukan naɗi ra'ayin mutanen ƙauye a faifai su aika a watsa, wannan kuwa ƙoƙari ne na gaske na buɗe hanya mai hawa, ko da yake hukuma ce take zaɓen abin da za a tattauna.

Shaihu Magili, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi ta maimaita gargaɗi a kan sarkin da ya shige bayan shamaki ya ɓuya daga talakawansa, har ya ɗauki wannan a matsayin tushen musiba. Abin lura shi ne, shamakin bai taɓa hana sarki magana ba, tun da yana da sankira. Ji kawai yake hana shi. Ba kuwa inda wannan rashin ji yake bayyana kamar shekarar fari, saboda yunwa labari ce da ba ta da wata hanyar zuwa fada sai ta isnadi mai hawa, kuma kowane mai riwaya a cikinsa yana da dalilin rage mata nauyi: mai gari yana jin nauyin sarki, prefe ba ya son a ce yankinsa ne ya gaza, minista yana tsoron abin da baƙi za su faɗa.

Tarihin ƙasar nan ya ba da shaida sau uku. Farin farkon shekarun 1970, da ƙorafin da aka yi ta yi cewa hatsin taimako bai isa ga mabukata ba, suna cikin hujjojin da sojoji suka kafa ranar 15 ga Afrilu 1974 da suka kifar da Shugaba Diori Hamani. A 2005, bayan ƙarancin ruwa da farin dango na daminar 2004, lokacin da iyaye mata suke jere da ƙananan yara a cibiyoyin tamowa na Maraɗi da Damagaram, Shugaba Tandja Mamadou ya gaya wa BBC a watan Agusta cewa babu yunwa a ƙasarsa, aka koma ana jayayya a kan lafazi, ko yunwa za a ce ko ƙarancin abinci, kamar masu nahawu suna gardamar i'irabi a gidan da ke cin wuta. Ba na zaton mugunta ce ta sa shi. Kishin martabar ƙasa ne, da ƙin jinin yadda ƙungiyoyin waje suke tallar wahalarmu, kuma a cikin wannan ƙorafi nasa akwai gaskiya. Amma matar da take dafa ganye ta ba 'ya'yanta, in ta ji an ce ba yunwa, abin da ta fahimta shi ne kukanta bai isa ba, ko kuwa ya isa an ƙaryata shi. Sai ga Salou Djibo, kwanaki kaɗan bayan ya kifar da Tandja a juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010, ya fito ya ambaci yunwa da sunanta. Bai ƙara wa kowa dami ko guda ba a ranar, amma mutane da yawa sun ji kamar an sauke musu kaya.

Ƙasar Sin, wadda kamfaninta CNPC ya gina matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a jihar Damagaram a 2011, ta ɗanɗani wannan mas'ala a ma'auni mafi girma. Tsakanin 1959 da 1961, jami'an larduna sun yi ta kumbura alƙaluman girbi don faranta wa na sama, hukuma ta karɓi rabonta bisa ga alƙaluman ƙarya, mutane miliyoyi masu yawa suka mutu. Peng Dehuai, ministan tsaro, wanda ya rubuta wa Shugaba Mao wasiƙar nasiha a taron Lushan a 1959, tuɓe shi aka yi. Har yau akwai ofisoshin karɓar koke a can, talakawa suna niƙar gari daga ƙauyuka zuwa Beijing da takardunsu, masu bincike kuma sun daɗe da lura cewa Sinawa sun fi amince wa gwamnatin tsakiya a kan jami'an da ke kusa da su. Bahaushe ya san wannan hali sarai, shi da yakan ce sarki mutumin kirki ne, fadawa ne suka tsare ƙofa. Irin wannan amana tana da amfani ga mai mulki, sai dai aro ce, tana nan muddin talaka yana kyautata zaton cewa da sarki ya ji da ya gyara.

Wani zai ce an wuce wannan zamani, tun da Babban Taron Ƙasa na 1991 ya saki harsuna, gidajen rediyon al'umma sun bazu a karkara tun daga 1999, yau kuma saƙon murya na WhatsApp yana zuwa Yamai daga rugar da ke bayan Gure kafin shayi ya nuna. Haka ne, amma yawan riwaya ba ya maye gurbin inganci, abin da ake kira rediyo mai jini shi ne labari marar isnadi gaba ɗaya, wanda hukuma takan yi watsi da shi cikin sauƙi, ta haɗa da gaskiyar da ke cikinsa. Kuma kada mu wanke talaka sarai, domin shi ma yana da nasa tadlisin, wato ɓoye aibin riwaya. Kakanninsa sun koya a zamanin Faransa cewa ƙidaya ba ta zuwa sai da lanho ko aikin tilas a bayanta, saboda haka in ma'aikacin gona ya tsaya a bakin rumbu da littafinsa ya tambayi dami nawa aka samu bana, mai gida yakan dubi mai gari tukuna, ya auna ko tambayar ta haraji ce ko ta rabon hatsi, sannan ya faɗi adadin da ya dace da zatonsa. Ma'aikacin ya san haka, sai ya ƙara ko ya rage bisa ga nasa ƙiyasin. Wannan adadi ne yake isa Damagaram, daga can ya wuce Yamai, a kansa kuma ake yanke buhu nawa za a aiko Gure.